Yadda za ka haɗa wa keke mai ƙatuwar taya madigadi da hannunka

Duk wanda ya taɓa hawan keke mai ƙatuwar taya bayan an ɗauke ruwan Agusta, ko daga Kwangila zuwa Samaru ko ta lungunan cikin birnin Zariya, ya san zanen da take yi wa mutum a gadon baya: jan layi guda daga ƙugu har ƙeya, kamar da gangan aka shafa. Siririyar taya ma tana yi, amma wannan faɗinta ya ninka na keken da muka saba, ga haƙora zaƙo-zaƙo, sai ta riƙa ɗibar caɓi kamar da cebur. Ni farar shadda ce ta koya mini hankali wata Juma'a, tsakanin Tudun Wada da Ƙofar Doka. Sai da na koma gida na sake kaya.

Ba don ƙasarmu aka ƙirƙiro waɗannan kekuna ba. A Alaska ta Amurka aka fara haɗa su don dusar ƙanƙara, wasu kuma don rairayin hamada, kafin kamfanin Surly ya fito da samfurinsa Pugsley a 2005 su bazu. Yawancin waɗanda ke iso mana na gwanjo ne, tsirara, ba madigadi. Wanda za ka samu a shagon kayan keke kuwa na Phoenix ne da ire-irensa, bai kai faɗin tafin hannu ba, ka ɗora shi a kan tayar inci 4 sai ya zama kamar hular yaro a kan ƙato. Don haka ko ka yi oda daga waje da tsada, ko ka zauna ranar Asabar ɗaya ka haɗa naka.

Kafin komai, rata

Na farko da na yi da guntun kwanon rufi na yi shi, na matse shi daf da taya don ya yi kyau irin na kamfani. Ya kuwa yi kyau, kwana huɗu. Ranar da na bi wata hanyar gona a gefen Kufena bayan ruwa, jar ƙasar nan mai danƙo ta riƙa taruwa tsakanin taya da kwano har tayar baya ta daina juyawa. Na sauka ina ƙwaƙule ta da kara, bakin kwanon ya yanke ni a yatsa. Da na turo keken wurin tsohon da ke mana gyara a unguwa, ya dube shi ya ce, "Malam, ai ka yi wa taɓo ɗaki ne ba ka bar masa ƙofar fita ba." Na ce, "Baba, ni dai na ga haka na kanti yake." Ya ce na kanti don kwalta aka yi shi.

Shi ke nan abin da nake so ka riƙe tun daga nan. A ƙasar Zazzau, inda taɓo ke kama taya kamar tuwo a tukunya, ratar da ka bari tsakanin taya da madigadi ta fi kyan aikin muhimmanci. Santimita 2 da rabi zuwa 3, wato kaurin yatsu biyu a haɗe. Idan jikin keken bai ba ka wannan ratar a wani wuri ba, gara ka yanke madigadin a nan ka ci gaba da shi a ɗaya gefen da ka cusa shi da ƙarfi.

Da me za a yi shi

Abu uku mutane ke kawowa: kwano, bututun PVC, da roba irin ta durum da jarka. Kwano na riga na ba ka labari. Yana yanka, yana ƙara kamar gwangwani a kan gargada, kuma girgiza na tsaga shi daga ramin noti. Bututun PVC mai inci 6, idan aka tsaga shi biyu, yana da lanƙwasa mai kyau ta gefe, amma kafin ya bi zagayen taya sai ka gasa shi, hayaƙinsa kuma idan ya ƙone guba ne, sannan rana na sa shi gautsi, faɗuwa ɗaya ya tarwatse.

Abin da na tsaya a kai shi ne shuɗin durum na roba mai lita 200, irin wanda ake tara ruwa a gidaje. Kada ka yanka lafiyayye. Nemi wanda ya tsage a gindi aka jingine shi a bayan ɗaki, ko ka tambayi masu sayar da tsofaffin durum a kasuwar Sabon Gari ko 'yan jari-bola. Robarsa ita ce HDPE, wadda za ka ga an buga mata lamba 2 a cikin 'yar kusurwa uku. Tana lanƙwasa ba ta karyewa, ba ta tsatsa, ba ta ƙara. Babban alherinsa shi ne ya zo da lanƙwasarsa. Faɗin bakin durum wajen santimita 58 ne, don haka zobe ɗaya idan ka yanko ka tsaga shi zai ba ka tsawon kusan santimita 180, a gantsare tun asali. Mai keken lantarki mai taya 20 x 4.0, wato lambar girma da ta faɗi da aka rubuta a jikinta, ma ya fi kowa sa'a, don zagayen tayarsa da na durum kusan ɗaya suke.

Jarkar man gyaɗa mai lita 25, rawayar nan, robarta ɗaya da ta durum, sai dai ta fi laushi. Da ita za ka yi ƙananan sassa. Ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a durum ko jarka. Wadda ta ɗauki fetur ko maganin feshi, bar ta inda ka gan ta.

Sauran kaya: kwali babba, zarto, wuƙa mai kaifi, samfefa, filaya, tef na awo, ƙusa inci 3 ko injin huda, tsohon tif, tsohon silifa, waya mai kauri milimita 4 wadda ba ta tsatsa ko siririn rodi, da igiyar robar nan mai haƙora da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, kebul tai. Sai bol da noti. A takarda M5 da M6 ake rubuta su, amma a kasuwa da lambar sifana ake kira: M5 shi ne lamba 8, M6 lamba 10. Ka ce a ba ka noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, da washa masu faɗi.

Awo

Fara da duba gargaren. Ɗaga keken ka juya taya. Idan tana rangaji hagu da dama, kai wa mai gyara ya daidaita wayoyin tukuna, in ba haka ba kowane zagaye sai ta goge madigadin. Sannan ka ba ta iska daidai mafi yawan da ka saba hawa da shi, don waɗannan tayoyin da ƙaramar iska ake hawan su, kuma da ka ƙara fam sai su ƙara kumbura.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin taya. An rubuta 4.0, wato kusan santimita 10, amma ainihin faɗin ya danganta da faɗin gargare. Sa katako biyu miƙaƙƙu a gefe da gefe ka auna tsakaninsu. Abin da ka samu, ƙara santimita 2. Taya mai 10 tana son madigadi mai 12, mai 4.8 kuma tana son wajen 14. Da yake namu shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da kwarmi irin na kamfani, wannan ƙarin shi ke tare ruwan da ke fita ta gefe.

Tsawo kuwa, taya 26 x 4.0 tsayinta daga ƙasa wajen santimita 73 ne. Ƙara rata sama da ƙasa ya zama 79, zagayen ke nan ya kusa 250. Na baya yana cin kusan rabinsa, 115 zuwa 125. Na gaba 70 zuwa 80 ya isa. Zobe biyu ke nan za ka yanko daga durum, har ka samu ragowa.

Yanzu ga dabarar da ke sauƙaƙa komai. Samo tsohon tiyon ruwa mai kauri, ko ka naɗe kwali ya kai kaurin santimita 3, ka shimfiɗa shi a kan tsakiyar taya ka ɗaure da tef. Wannan shi ne ratarka. Duk abin da za ka yi daga nan a kansa za ka ɗora, sai ka gama ɗaure komai sannan ka zare shi.

Yanko kwali daidai faɗi da tsawon da ka lissafa, ka zura shi a kan tiyon. A nan ne keken zai nuna maka inda ya matse. Wuri uku ne yawanci: ƙarƙashin kan fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, tsakanin ƙarafa biyun da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi, da can ƙasa bayan feda inda sarƙa ke wucewa daf da taya. Yi alama da biro, ka rage kwalin kaɗan-kaɗan da almakashi har ya shiga ba tare da ya tanƙware ba. Sa giya mafi sauƙi, wadda sarƙa ke matsowa kusa da taya, ka juya feda ka tabbatar ba ta taɓa kwalin. Idan ka ɓata kwali biyu a nan ba ka yi asara ba, durum ne ba ya dawowa.

Jelar na baya fa, ina za ta tsaya? Ruwa yana barin taya a miƙe ne. Ɗauki sanda ka jingina ta a bayan taya ta yadda za ta taɓa taya ta kuma taɓa ƙarshen kwalin. Inda sandar ta nuna, nan caɓi zai bi. Idan ta karkato wajen sirdi, bayanka bai tsira ba, ƙara tsawo. Idan ta miƙe sama ko ta karkata baya, ya yi.

Yanka da lanƙwasa

Wanke durum da omo, ka zaɓi wuri mai santsi tsakanin layukan tudun da suka zagaye shi. Naɗa kwalin a jiki ka zana. Zarton ƙarfe yana yi amma sai ka yi gumi. Idan kana da kafinta mai injin yanka na hannu, minti goma ya gama maka. Duk inda ka rage faɗi saboda fok ko sarƙa, yi shi a zagaye kamar bakin ƙwarya, kada ka bar kusurwa mai tsini, don daga irin wannan lungun tsagewa ke farawa. Ƙarshen gaba da na baya ma ka zagaye su. Kankare bakin da wuƙa ko fasasshiyar kwalba yadda kafintoci ke yi, ka bi da samfefa har ka iya shafawa da yatsa ba fargaba.

Ga mai taya 26, zoben durum ya fi tayar matsewa, zai riƙa neman naɗewa. Cire tayar daga keke da tiyonta a kai, ɗora robar, ka ɗaure ta da guntayen tif wuri biyar ko shida. Tafasa ruwa a butar shayi ka riƙa kwarara mata a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sau biyu ko uku, ka kiyaye ƙafarka. Wannan robar sai zafi ya kai wajen digiri 130 take narkewa, don haka tafasasshen ruwa ba zai lalata ta ba, sassauta ta kawai yake yi. Ka bar ta ɗaure a rana wuni guda. Idan ka kwance za ta ɗan koma, amma ba kamar da ba, sauran kuma ƙafafun madigadin za su riƙe.

Akwai masu son su tanƙwara bakin ya sauko ƙasa a kan garwashi. Na gwada, ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Abin da ya fi shi ne siririn tiyon nan mai haske da magina ke duba lebur da shi. Tsaga shi a tsaye, ka cusa bakin madigadin a ciki gefe da gefe, ka huda ƙananan ramuka duk bayan taƙi ɗaya ka ɗinke da siririyar waya. Yana tare ruwan da ke gangarowa gefe ya bi da shi zuwa jela, ya kuma rufe kaifin bakin. Ba dole ba ne, amma wandonka zai gode maka.

Ɗaura na baya

Wuri uku yake kamawa. Na farko ƙaramin ƙarfen da ya haɗa ƙarafa biyu a ƙasa, bayan feda. Na biyu irinsa da ke sama ƙarƙashin sirdi. Yawanci kowannensu yana da rami. Idan ramin yana kallon taya, bol ya wuce kai tsaye. Idan yana kallon gaba da baya, lanƙwasa ɗan ƙarfe mai siffar kusurwa ya haɗa su. Idan babu rami sam, huda ramuka biyu a robar ka zagaye ƙarfen da kebul tai, da guntun tif a tsakani don kada fenti ya ci. Kada ka huda jikin keken da kanka, musamman na alminiyam.

Huda robar da ƙusar da ka gasa a wuta ka riƙe da filaya, a waje inda iska ke kaɗawa. Kowane rami ya yi nesa da baki da aƙalla santimita ɗaya da rabi. Kan bol ya kasance a ciki, wajen taya, tsininsa yana kallon waje, don idan ka juya shi tsinin ne zai riƙa kama ciyawa yana yagar taya. Washa mai faɗi ciki da waje. Inda rata ta yi yawa tsakanin madigadi da jikin keke, yanko ɗan zagaye daga tsohon silifa ka cike. Shi ne kuma ke kashe ƙara.

Na uku su ne ƙafafu. Lanƙwasa wayar nan mai kauri ta zama kamar baka mai dogayen hannaye, ta haye bayan madigadi ta sauko gefe biyu zuwa tsakiyar gargare. Kusa da inda taya ke ɗaurewa za ka ga 'yar ƙofa mai zare, ta lamba 8 ce. Naɗe ƙarshen wayar a jikin ƙusa da filaya ta yi ido, ka ɗaure ta a nan da washa. A saman, ɗan ƙarfe mai ramuka biyu ya danne wayar a jikin roba. Madigadi mai faɗin santimita 12 iska na kaɗa shi sosai, don haka baka biyu ka yi, ɗaya daf da jela, ɗaya tsakaninsa da sirdi. Mai kariyar ɗora kaya a baya ya huta, ya ɗaure saman a ƙarƙashin kariyar ya yi baka ɗaya.

Abu biyu ke cin mutane a nan. Bol ɗin gefen sarƙa idan ya yi tsawo yana leƙawa ciki ya kama sarƙa idan tana kan mafi ƙanƙantar faifan haƙora na baya, don haka ka yanke shi daidai. A gefen hagu kuma akwai birkin faifai. Karkata wayar ta kauce masa, ko ka sa 'yan washa ta fito waje kaɗan. Kada ka ari bol ɗin birki ka ɗaura madigadi a kai, ko da ya fi kusa.

Na gaba, inda ake faɗuwa

Idan na baya ya cije, taya ce za ta ja ka tsaya. Idan na gaba ya cije, ta kan keke za ka wuntsila. Kara ɗaya ko dutse ya shiga tsakanin taya da madigadi, taya ta naɗe shi zuwa ƙarƙashin fok, an gama. Shi ya sa madigadin kamfani masu kyau ke zuwa da ɗan maƙalin roba da ke ɓallewa da kansa. Namu ma haka za mu yi masa, da arha. Saman ka ɗaure shi da bol lamba 10 a ramin da ke kan fok, tam. Amma ƙafafun kada ka sa musu bol. Ɗaura idon wayar a jikin fok da siririyar kebul tai guda ɗaya kowane gefe, mafi ƙanƙanta da ka samu. Tana riƙe shi a tafiyar yau da kullum, ranar tsautsayi kuma ita za ta tsinke. Ka riƙa yawo da guda huɗu a aljihun sirdi.

Idan fok ɗinka mai sifirin ne, ɗaura madigadin a gadar da ta haɗa ƙafafun ƙasa, wadda ke hawa da sauka tare da taya. Ka ɗaura shi a sama, ramin farko da ka faɗa taya za ta daki roba. Wanda ya leƙo gaban fok kada ya wuce taƙi ɗaya, in ya fi haka rawa zai riƙa yi. Ka ba jelar, inda taɓo ke shiga, rata daidai da ta sama, kuma kada bakin fitar da ke gaba ya fi na shigar matsewa, don taɓon da ya shiga ya samu hanyar wucewa.

Hau keken, sa feda a gaba, ka juya kan keke hagu da dama. Idan yatsun ƙafarka na taɓa jelar, rage ta ko ka matso da ita.

Yanzu jarka ta shigo. Yanko leɓe mai faɗin santimita 14 a ƙasa, tsawon taƙi ɗaya, ka ɗaura a jelar na gaba ya sauko har ya rage kamar santimita 12 zuwa 15 ya taɓa ƙasa. Wannan ɗan leɓen shi ke kare takalminka, da sarƙa, da boris ɗin feda, waɗanda yashi ke cinyewa kafin damina ta fita. Idan kana yawan hawa da sauka a bakin kwalbati, yi shi da robar tif ɗin mota, ta fi haƙuri. Ragowar jarkar ka yanko faffaɗan yanki ka ɗaure a ƙarƙashin ƙarfen da ya sauko daga wuyan keke zuwa feda. Mai keken lantarki ya kula a nan, don ta wurin wayoyi da batir suke bi, kada kebul tai ta matse waya.

Gwaji

Zare tiyon da ka sa a kan taya. Juya kowace taya ka saurara. Ɗaga keken taƙi ɗaya ka sake shi ƙasa, duk abin da ya yi ƙara bai ɗauru ba. Leƙa ta baya ka ga ko madigadin ya zauna a tsakiya. In ya karkace, wayar gefe ɗaya ce ta fi tsawo, ka lanƙwasa ta da hannu. Gwada cire tayar baya ka mayar tun kana gida, don kada sai ka yi faci a hanyar Shika ka tarar madigadi ya tare mata hanya.

Fenti ba ya zama a wannan robar, gam ma haka. In shuɗin bai maka ba, goge shi da samfefa ka fesa baƙi, amma ka sani zai riƙa ɓarewa. Ni na bar nawa shuɗi, yaran unguwa na ce masa mai durum. Sitika mai ƙyalli irin ta bayan tirela ce kawai na manna a jela, na ƙara mata waya a kusurwoyi, saboda masu babur da daddare.

Bayan tafiyar farko a cikin ruwa, sake bin notinan da sifana, don roba da silifa suna ɗan lotsewa. Idan ka dawo daga taɓo, watsa ruwa a ƙarƙashin tun yana ɗanye, jar ƙasa in ta bushe sai da ƙarfe. Kebul tai ɗin gaba kuwa rana na cin su, farare sun fi saurin mutuwa, don haka ka sa baƙaƙe, ka kuma sake sababbi duk farkon damina, wajen watan Mayu, ko da tsofaffin ba su tsinke ba.